Kwanan da Ba na Kyauta Ba: Sharhi kan Matasa Marasa Matsuguni

A cikin kwanakin ƙarshe na watan Janairu, ma'aikata da 'yan sa-kai a Amurka sukan fita da dare ɗauke da takardu, su bi tituna da ƙarƙashin gadoji da gidajen kwanan agaji suna ƙirga mutanen da ba su da wurin kwana. A ƙidayar 2019, haka ma a ta 2023, adadin matasan da aka samu su kaɗai, ba uwa ba uba a tare da su, ya tsaya ne a wajen 35,000. Amma a 2017 cibiyar bincike ta Chapin Hall da ke Shikago ta bi wata hanya daban. Maimakon ta nemi waɗanda suke kwance a waje a dare guda, sai ta sa aka buga wa dubban gidaje waya ana tambayar ko akwai wani matashi nasu da ya rasa matsuguni a cikin watanni goma sha biyu da suka gabata. Abin da lissafin ya bayar shi ne mutum miliyan 4.2 a shekara, wato ɗaya cikin goma na masu shekara 18 zuwa 25, da ɗaya cikin talatin na masu shekara 13 zuwa 17. Binciken ya kuma gano cewa matsalar ba ta fi yawa a birni ba bisa ƙauye, illa dai a birni an fi ganin ta.

Babu wadda ta yi ƙarya a cikin ƙididdigar biyu. Ta farko ta ƙirga abin da ido ya gani, ta biyu ta ƙirga abin da ya faru, kuma a cikin tazarar da ke tsakaninsu ne galibin waɗannan matasa suke rayuwa. Ba sa shimfiɗa kwali a bakin titi. Suna raɓe ne, yau a ɗakin aboki, gobe a falon wata 'yar uwa, jibi a cikin mota ko kango ko tashar da ba a rufewa da dare. Mu ɗauki yarinya mai shekara goma sha bakwai da ta bar gida bayan wata rigima. A daren farko mahaifiyar ƙawarta ta karɓe ta hannu bibbiyu, har da ba ta bargo. A dare na huɗu ta ji ana ƙus-ƙus a ɗaya ɗakin, da gari ya waye kuma aka tambaye ta cikin ladabi ko ta yi magana da mutanen gidansu. Ta gane saƙon, domin baƙo raɓa ne. Ta haɗa kayanta a jaka ɗaya ta tafi makaranta da ita, ta yini tana duba waya ko wani zai ce mata ta zo. Malamanta suna ganin ɗaliba ce mai gyangyaɗi wadda ta fara sakaci da aikin gida. Babu rajistar da ta shiga a matsayin marar matsuguni, ita kanta ma da za a tambaye ta ba za ta kira kanta haka ba.

Idan ƙasar da take da kuɗin yin irin wannan bincike ta sami bambanci mai girma haka, ba abin mamaki ba ne adadin duniya baki ɗaya ya zama hasashe. Tun 1989 ake yawo da adadin yaran titi miliyan 100 ana jingina shi ga UNICEF, kuma masu bincike da dama sun nuna cewa babu wata ƙidaya ta haƙiƙa a bayansa. Illar wannan ta wuce ta lissafi, saboda kasafin gwamnati yana bin abin da aka ƙirga ne, wanda ba a ƙirga ba kuwa babu gadon da za a tanadar masa.

Tambayar da mutane suka fi yi idan sun ga matashi a wannan hali ita ce me ya hana shi komawa gida. A ƙarƙashin tambayar akwai zaton cewa taurin kai ne ko son yawo ya fitar da shi. A 2016 wata ƙungiyar masu bincike ƙarƙashin Lonnie Embleton ta tattara bincike 49 daga ƙasashe 24, waɗanda suka ƙunshi yara da matasa sama da 13,000, ta duba dalilin da su kansu suka bayar na barin gida. Talauci ne ya zo na farko da kashi 39 cikin ɗari, sai rikicin iyali da kashi 32, sai cin zarafi da kashi 26. Waɗanda suka ce rashin ji ko aikata laifi ne ya fitar da su kashi 10 ne kacal. A ƙasashe masu arziki rikicin gida ne ya fi rinjaye, a matalautan ƙasashe kuma yunwa ce, amma a aikace wuya ne a raba su, domin gidan da babu abinci shi ne gidan da ake yawan faɗa, kuma agola ko ɗan riƙo shi ne na farko da ake ganin ya yi yawa idan tukunya ta gaza. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Wanda ya gudo daga hannun mijin uwa mai duka, ko daga ɗan uwan da yake shigo mata ɗaki da dare, ba ya buƙatar a tuna masa cewa titi yana da haɗari, ya riga ya auna biyun ya zaɓa.

Wani ɓangare mai yawa na waɗannan matasa ma ba daga gidan iyaye suka fito ba, daga hannun hukuma suka fito. Binciken ƙasa da aka yi a Kanada a 2016 kan matasa 1,103 marasa matsuguni ya nuna cewa kusan kashi 58 cikin ɗari sun taɓa shiga hannun hukumar kula da yara, kashi 40 kuma sun fara rasa wurin kwana tun kafin su cika shekara 16. A Amurka an bi diddigin matasan da suka girma a riƙon gwamnati a jihohin Illinois da Iowa da Wisconsin, aka tarar cewa tsakanin kashi 31 zuwa 46 cikin ɗari sun rasa matsuguni aƙalla sau ɗaya kafin su kai shekara 26. Dalilin a bayyane yake. Doka tana cewa ranar da yaro ya cika shekara 18 ya zama babba, sai a rufe fayil ɗinsa a sallame shi daga gidan marayu ko gidan riƙo ko gidan gyaran hali, alhali a ƙasashen Tarayyar Turai matsakaicin shekarun da matashi mai iyaye yake barin gidansu ya kai wajen 26. Wanda yake da uwa da uba da ɗakin da zai koma idan aiki ya ƙare ana ba shi ƙarin shekara takwas ya yi kuskure ya gyara, wanda ba shi da kowa kuma ana sa ran ya tsaya da ƙafarsa a rana ɗaya.

A nan ne, a ganina, tushen matsalar yake. An gina tsarin taimako gida biyu, ɗaya na yara ɗaya na manya, matashi kuwa ya zama jemage, ba ya cikin tsuntsaye ba ya cikin dabbobi. Idan shekarunsa 16 ne, a ƙasashe da yawa ba zai iya sa hannu a takardar haya ba, ba zai buɗe asusun banki shi kaɗai ba, wani lokaci ko maganin asibiti ba za a yi masa ba sai da amincewar waliyyi, kuma waliyyin nan shi ne mutumin da ya gudo wa. Idan ya je neman taimako, abu na farko da ake yi shi ne kiran gidansu, saboda haka ya gwammace kada ya je. Idan kuma shekarunsa 19 ne, sai a tura shi gidan kwanan manya, ya kwanta a ɗaki ɗaya da mutanen da suka shekara ashirin a titi, wasu da taɓin hankali, wasu da jarabar ƙwaya, wasu kuma suna jiran irinsa ne. Matasa da yawa sukan gwada dare ɗaya su ce gara waje. A Ingila sai da magana ta kai gaban kotun ƙoli ta lokacin, a shari'ar Southwark ta 2009, kafin a tabbatar cewa ɗan shekara 16 ko 17 da ya rasa matsuguni nauyin sashen kula da yara ne, domin kafin nan sashen gidaje da sashen yara suna ta tura wa juna su kamar ƙwallo.

Kwana a waje ko a raɓe bai taɓa zama kyauta ba, kuma wanda ba shi da kuɗi da wani abu yake biya. Abu na farko da yake bayarwa shi ne barci. Matashin da ke kwana a tasha yakan cire takalminsa ya yi matashi da shi don kada a sace, ya zura hannu cikin igiyar jakarsa, ya sa waya a cikin wando, ya kwanta da kunne ɗaya a buɗe. Wasu, musamman 'yan mata, ba sa kwanciya sam da dare. Suna ta tafiya ne ko su zauna inda akwai fitila da jama'a har asuba, sannan su nemi wurin runtsawa da rana. Mutumin da ya yi makonni a haka ba ya iya riƙe karatu, yana saurin fushi, yana manta ranar da aka ce ya dawo ofis, sai ma'aikaci ya rubuta a takarda cewa ba shi da niyyar taimakon kansa.

Bayan barci sai jiki. A wani bincike da Jami'ar Loyola ta New Orleans ta yi tare da ƙungiyar Covenant House mai ba matasa mafaka, an zanta da matasa 641 a birane goma na Amurka da Kanada, aka tarar cewa kusan ɗaya cikin biyar an yi fataucinsa, ko dai don lalata ko don aikin tilas. Mafi yawansu kuma sun ce an taɓa tarar su da tayin aiki mai romo wanda daga baya ya zama yaudara ko tarko. Kalmar fatauci tana sa mutum ya hango ƙetare iyaka da kulle ƙofa, amma yadda abin yake faruwa ya fi haka sauƙi. Wani ne zai ce yana da ɗaki babu kowa, ta zo ta huta. Ba ya neman komai a daren farko, watakila har na uku. Daga nan sai a fara lissafin abincin da ta ci da wayar da aka saya mata. Wanda ya faɗa rijiya ko kaifin takobi aka miƙa masa zai kama, kuma masu wannan sana'a sun san haka, shi ya sa suke gewaya tashoshi da ƙofar gidajen kwana, sau da yawa sun riga ma'aikatan agaji isa wurin sabon zuwa. Samari ma ba su tsira ba, sai dai sun fi ɓoyewa, kuma su aka fi sa wa dakon ƙwaya, aikin da idan ya ɓaci su ake kamawa ba mai kayan ba.

Ga 'yan mata akwai ƙarin nauyin da ba a cika ambata ba: jinin al'ada ba tare da auduga ko ruwa ko ƙofar da za a rufe ba, da ciki wanda sau da yawa ba da son ransu aka same shi ba, da fargabar cewa idan suka je awo za a karɓe jaririn. Wannan fargaba kaɗai tana hana da yawa zuwa asibiti sai naƙuda ta zo.

Maganar shaye-shaye ana yawan juya ta. Gaskiya ne wasu ƙwaya ce ta raba su da gida, amma da yawa titi ne ya koya musu. Wani nazari na 2013 da ya haɗa bincike 50 daga ƙasashe 22 masu ƙarancin arziki ya nuna cewa kusan kashi 60 cikin ɗari na yaran titi sun taɓa shan wani abu mai sa maye, kuma abin da ya fi yawa shi ne kayan shaƙa irin su sholisho da fetur, da kashi 47. Dalilin zaɓen bai wuce araha ba, ga shi kuma yana kashe yunwa, yana rage jin sanyi, yana danne tsoro. Magani ne na dare ɗaya wanda yake cin ƙwaƙwalwa a hankali. Inda allura ta shigo kuwa abin ya fi muni. A birnin San Fitasbag na Rasha an gwada matasan titi 313 masu shekara 15 zuwa 19 a 2006, aka sami kashi 37 cikin ɗari suna ɗauke da ƙwayar cutar ƙanjamau, adadin da ko a cikin manya ba kasafai ake ganin irinsa ba.

Ƙarshen wannan lissafi mutuwa ce, kuma an auna ta. A birnin Montiriyal na Kanada likita Élise Roy da abokan aikinta sun bi matasan titi 1,013 masu shekara 14 zuwa 25 daga 1995 zuwa 2000. Ashirin da shida suka rasu, wanda ya ninka abin da ake sa rai a tsakanin tsaransu sau goma sha ɗaya. Goma sha uku daga cikinsu kashe kansu suka yi, takwas kuma ƙwaya ce ta yi musu yawa. A ƙasa mai tsananin hunturu irin Kanada mutum zai zaci sanyi ne zai fi kisa, sai ga shi yanke ƙauna ce. Binciken ƙasa na Kanada na 2016 ya ƙarfafa wannan, inda kashi 42 cikin ɗari suka ce sun taɓa yunƙurin kashe kansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana cewa rabin cututtukan ƙwaƙwalwa suna farawa ne kafin shekara 14, wato waɗannan shekaru su ne lokacin da cutar take fara bayyana ko da a cikin kwanciyar hankali, balle ga wanda ya fito daga duka ya shiga rashin barci.

Ya kamata a ce hukuma ce mafaka a nan, amma a wurare da yawa tana cikin abin da ake gudu. A daren 23 ga Yuli 1993 wasu mutane suka buɗe wuta kan yara da matasan da ke barci a gaban cocin Candelária a birnin Riyo na Brazil, suka kashe takwas, kuma waɗanda kotu ta samu da laifi 'yan sanda ne. Ɗaya daga cikin waɗanda suka tsira, Sandro do Nascimento, shi ne ya yi garkuwa da fasinjojin wata motar bas a 2000, ya kuma mutu a hannun 'yan sanda a ranar. Shekara bakwai ke nan tsakani, kuma duniya ta san labarin yaran, amma hakan bai cece shi ba. A Gwatamala ma 'yan sanda sun kashe matasan titi biyar a 1990, shari'ar da Kotun Haƙƙin Ɗan Adam ta Nahiyar Amurka ta yanke a 1999 ta ɗora wa gwamnati alhaki.

Irin wannan kisa ba kullum yake faruwa ba. Abin da yake faruwa kullum shi ne kame da samame, musamman idan babban baƙo zai zo gari ko za a yi wata gasa. Dokokin hana gararamba, waɗanda suka mai da bara da kwana a waje laifi, tsofaffi ne. Ta Ingila an kafa ta a 1824, Turawan mulkin mallaka kuma suka baza irinta a ƙasashen da suka mulka. A ranar 4 ga Disamba 2020 Kotun Afirka ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Arusha ta ba da ra'ayin cewa waɗannan dokoki sun saɓa wa yarjejeniyar haƙƙin ɗan Adam ta nahiyar, yayin da a Yuni 2024 kotun ƙolin Amurka, a shari'ar Grants Pass, ta ce birane suna da ikon hukunta masu kwana a waje ko da babu gadon da za a ba su. Abin da kame yake haifarwa ga matashi a fili yake. Ana cin sa tarar da ba zai iya biya ba, tarar ta zama sammaci, sammacin ya zama tarihin laifi, tarihin laifin kuma ya hana shi aiki da haya. A cikin samamen ne kuma ake kwashe jakar nan da yake kwana da hannu a cikin igiyarta, a jefa a motar shara, da takardar haihuwarsa da katin asibitinsa da lambar wayar kakarsa da ya rubuta a bayan wani kati.

Rashin takarda ƙaramin abu ne a ido, amma ƙofofi da yawa yake kullewa. A ƙididdigarsa ta 2021 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa wajen mutum miliyan 850 ba su da wata shaidar hukuma, kuma matashin da ya fita daga gida cikin dare da kayan jikinsa yana shiga sahunsu ko da an taɓa yi masa rajista. Don ya sami katin shaida ana neman takardar haihuwa da adireshi. Don ya sami adireshi ana neman kuɗin haya da mai tsaya masa. Don ya sami kuɗin haya yana buƙatar aiki, mai ba da aiki kuma yana neman katin shaida. Shi ya sa idan aka tambayi matasan da kansu abin da suke buƙata, jerin nasu yakan ba masu ba da taimako mamaki: wurin ajiye kaya mai makulli, inda za a yi wanka da wanki kafin a je neman aiki, wurin cajin waya, adireshin da wasiƙa za ta same su, da kuɗin motar zuwa makaranta. Abinci da bargo, waɗanda su ne aka fi kawowa saboda sun fi sauƙin rabawa da ɗaukar hoto, su ne suka fi sauƙin samu.

Kwamitin Haƙƙin Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, a sharhinsa na 21 da ya fitar a 2017 bayan tuntuɓar yara da matasa 327 daga ƙasashe 32, ya soki hanyoyi biyu da gwamnatoci suka saba bi. Ɗaya ita ce ɗaukar yaron a matsayin mai laifi da za a share daga titi, ɗayar kuma ita ce ɗaukarsa a matsayin abin tausayi da za a ceto ko da ba ya so. Ta biyun ta fi wuyar ganewa domin da kyakkyawar niyya ake yin ta. Amma matashin da aka ɗauke da ƙarfi aka kai gidan da ake kulle ƙofa da magariba, aka raba shi da abokan da suka zame masa dangi a titi, yakan tsere cikin makonni, ya kuma ƙara nisa da duk wani mai cewa zai taimaka. Haka nan maganar mayar da shi gida. Inda talauci ne ko saɓani ya raba su, sulhu yana yiwuwa kuma shi ne mafi alheri, muddin an taimaki gidan da abin da ya jawo rabuwar. Inda kuwa cin zarafi ne, mayar da shi miƙa shi ne ga wanda ya gudo wa, kuma ba a gane bambancin biyun sai an zauna da yaron har ya yarda ya yi magana, abin da kan ɗauki watanni.

Akwai abubuwan da aka gwada suka yi aiki, ko da yake kowane da iyakarsa. Tsarin da ake kira gida tukuna, wanda Sam Tsemberis ya fara a New York a 1992, ya juya tsohuwar ƙa'ida: maimakon a ce mutum ya daina shaye-shaye ya sami aiki sannan ya cancanci ɗaki, sai a ba shi ɗakin ba da sharaɗi ba, sauran su biyo baya. Finland ta mai da shi manufar ƙasa a 2008, kuma adadin marasa matsuguni a can, wanda ya kai wajen 18,000 a 1987, ya sauko ƙasa da 4,000 a 2021. A babban gwajin da aka yi a birane biyar na Kanada daga 2009 zuwa 2013, matasa masu shekara 18 zuwa 24 da aka ba gida sun kasance da tsayayyen matsuguni a kashi 65 cikin ɗari na kwanakin, waɗanda ba a ba su ba kuma kashi 31. Sai dai a sauran fannoni, kamar lafiyar ƙwaƙwalwa da shaye-shaye, ba a ga wani bambanci mai yawa ba. Makulli yana maganin kwanan waje, ba ya maganin kaɗaici, kuma ɗan shekara 19 da bai taɓa biyan kuɗin wuta ko dafa wa kansa abinci ba yana iya zama a ɗaki shi kaɗai ya fi shiga damuwa fiye da lokacin da yake cikin abokansa. A matalautan ƙasashe ma babu gidajen da za a raba, saboda haka tsarin ba ya ɗaukuwa yadda yake.

Abin da ya fi arha, kuma kowace ƙasa mai makaranta za ta iya kwaikwayo, shi ne abin da aka yi a garin Geelong na Ostareliya. An riƙa ba dukkan ɗaliban wasu makarantun sakandare uku gajeriyar takardar tambayoyi kan halin da ake ciki a gida, duk wanda amsarsa ta nuna akwai matsala sai a haɗa shi da iyalinsa da ma'aikacin da zai bi lamarin tun yaron bai fita ba. Tsakanin 2013 da 2016 adadin matasan da suka zo neman wurin kwana ya ragu da kashi 40 cikin ɗari, masu barin makaranta kuma da kashi 20. Hikimar ita ce kowa aka tambaya, ba a jira malami ya nuna wanda yake zargi ba, domin yarinya irin wadda muka ambata a farko ba ta cikin waɗanda malami zai nuna.

Wasu ƙasashe sun matsar da ranar sallama. Dokar Amurka ta 2008 ta ba jihohi damar ci gaba da riƙo har shekara 21, Ingila ta yi kwatankwacin haka a 2014, yankin Wales kuma ya gwada ba matasan da suka fito daga riƙon hukuma fam 1,600 a wata har shekara biyu daga 2022. Binciken jihohi ukun nan na Amurka ya nuna cewa ƙarin shekarun yana jinkirta rasa matsuguni, amma zuwa shekara 23 ko 24 bambancin ya kusa shafewa. An matsar da bakin ramin ne, ba a cike shi ba, saboda abin da ɗan gida yake da shi ba ya ƙarewa a wata ranar haihuwa. Yana da wanda zai kira idan mai gida ya ba shi wa'adi, wanda zai tsaya masa a beli, wanda zai ranta masa kuɗin mota ya kuma yi masa faɗa.

Wannan buƙata ita ce mafi wuyar biya, domin ba ta shiga rahoto. Masu ba da tallafi suna ƙirga gadaje da faranti da adadin waɗanda aka yi wa rajista, kuma kuɗinsu na shekara ɗaya ne ko biyu ko uku. Ma'aikacin da ya shafe wata takwas yana zuwa ƙarƙashin gada ɗaya kafin wani yaro ya faɗa masa sunansa na gaskiya yana karɓar albashi kaɗan, kwangilarsa kuma tana ƙarewa tare da tallafin. Idan ya tafi sai wani sabo ya zo da sabon fom, ya nemi matashin ya sake ba da labarin abin da aka yi masa tun daga farko, karo na biyar ko na shida. A kusan kowane irin wannan fom akwai layin da ake rubuta sunan wanda za a kira idan wani abu ya faru, kuma ba abin mamaki ba ne a ga matashin ya daɗe riƙe da biro a kan layin, daga ƙarshe ya rubuta sunan ma'aikacin da ya riga ya bar aiki.